Hoton Kogi na Dala Miliyan 4.3: Yadda Makarantar Dusseldorf Ta Sauya Darajar Hoto

A ranar 8 ga Nuwamban 2011, kamfanin gwanjo na Christie's da ke birnin New York ya sallama wani hoto a kan dala miliyan 4.3. Hoto ne na kyamara, wanda wani Bajamushe mai suna Andreas Gursky ya haɗa a 1999, kuma mai shi yana nan da ransa. Kafin wannan rana ba a taɓa sayen hoto a gwanjo da kuɗi masu yawan haka ba, kuma sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin a zarce shi, lokacin da wani tsohon hoto da mai fasaha Ba'amurke Man Ray ya ɗauka ya yi dala miliyan 12.4 a 2022.

Sunan hoton Rhein II, wato kogin Rhine karo na biyu. Faɗinsa ya haura mita uku da rabi, tsayinsa ya kusa mita biyu. Rabinsa na sama duk sararin samaniya ne, toka-toka, irin na ranar da hadari ya haɗu ya ƙi sakin ruwa. Ƙarƙashinsa akwai wani siririn zare na koren ciyawa, shi ne gaɓar tsallake. Sai ruwan kogin, shi ma toka-toka mai ɗan ƙyalli. Sai ciyawa, sai wata 'yar hanyar kwalta ta masu tafiya a ƙasa, sai ciyawa kuma. Shi ke nan. Ba mutum, ba jirgin ruwa, ba bishiya, ko tsuntsu bai gifta ba. Da labarin cinikin ya bazu, mutane da yawa sun yi ta yi masa ba'a, wai ko yaro aka ba wa wayar hannu zai ɗauko irinsa.

Yaron ba zai iya ba, domin wurin da ke cikin hoton babu shi a doron ƙasa. Gursky ya tsaya ne a bakin kogin a birnin Dusseldorf, inda ya saba fita motsa jiki, kuma abin da ke tsallaken ruwan a zahiri tashar wutar lantarki ce da gine-ginen masana'antu. A gabansa kuma masu yawo da karnuka ne ke kai-komo. Ya ɗauki hoton, ya shigar da shi kwamfuta, ya goge tashar, ya goge mutanen da karnukansu, ya bar layuka kwance ɗaya bisa ɗaya. Bai kuma ɓoye ba. Ya faɗa da bakinsa cewa irin wannan kallo ba ya samuwa a wurin, sai da ya ƙirƙira kafin ya iya nuna yadda kogin wannan zamani yake. Abin da ya sa labarin ya cancanci a warware shi shi ne, malaman da suka koya wa Gursky aiki sun ƙarar da rayuwarsu ne suna ɗaukar hoton irin wannan ginin da ya goge.

Malaman miji da mata ne, Bernd Becher da Hilla Becher. An haifi Bernd a 1931 a garin Siegen, yankin da aka yi ƙarnoni ana haƙar tama ana narka ƙarfe. Zane ya fara koyo. A 1957 yana zaune yana zana wata mahaƙa a yankinsu, sai ya ga masu rusa ta sun fi fensirinsa sauri, kafin ya gama ɓangare guda an kwashe shi. Dole ta sa ya ɗauki kyamara don ya riƙe abin da zai zana daga baya. Hilla kuwa, wadda aka haifa a Potsdam a 1934, ƙwararriyar mai hoto ce tun asali, ta koyi sana'ar a Jamus ta Gabas kafin ta ƙetara Yamma. Sun haɗu a wani kamfanin talla a Dusseldorf, suka fara aiki tare a 1959, suka yi aure a 1961.

Lokacin ya zo daidai da faɗuwar kasuwar kwal. A ƙarshen shekarun 1950 mutum sama da rabin miliyan ne ke cin abinci a mahaƙan kwal na Jamus ta Yamma, mafi yawansu a yankin Ruhr. Daga 1958 man fetur mai araha da kwal ɗin ƙetare suka fara danne na gida, mahaƙai suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga ta ƙarshe, Prosper-Haniel da ke Bottrop, wadda aka rufe a Disamban 2018. Ginin masana'anta kuwa ba fadar sarki ba ce da za a yi ta lallaɓawa. Ranar da aikinsa ya ƙare, ranar za a kira masu yankan ƙarfe. Su Becher suka shiga tsere da waɗannan masu yanka, a cikin wata motar Volkswagen da ta zama musu ɗakin kwana da ɗakin aiki, daga Ruhr zuwa Beljiyam da Holan da Faransa, zuwa Ingila da Wales inda suka yi wata shida a 1966, har Amurka. Abin da suke bi: tankunan ruwa masu dogayen ƙafafu, tanderun narka ƙarfe, tankunan gas, hasumiyoyin sanyaya ruwa, rumbunan hatsi na kankare, da hasumiyoyin bakin rami masu manyan wili da ke jan lif ɗin ma'aikata daga ƙarƙashin ƙasa.

Yadda suke ɗaukar hoton shi ne zuciyar zancen. Sun kafa wa kansu dokoki masu tsauri, kuma sun yi kusan shekara hamsin ba su karya su ba. Hoton baƙi da fari ne, da babbar kyamara mai ƙafa uku irin wadda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Ba sa ɗauka cikin rana tsaka, domin inuwa tana ɓoye sassan gini, tana kuma ƙara masa kwarjinin da ba nasa ba. Sai su jira ranar da gajimare ya rufe sama ruf, haske ya bazu daidai ko'ina. Ba sa tsayawa a ƙasa su ɗaga kyamara sama, domin hakan yana sa gini ya yi kamar zai faɗo wa mai kallo. Sai su hau tsani ko rufin wani ginin har su kai wajen tsakiyar tsayin abin da suke ɗauka, su fuskance shi gaba da gaba, ya zauna a tsakiyar hoton cif. Da wuya ka ga mutum a ciki.

Hoto guda daga cikin irin waɗannan ba ya cewa komai, tanki ne kawai. Dabarar tana wajen jerawa. Sai su ɗauki tara, ko sha biyu, ko sha biyar, su jera su sahu-sahu a bango, girmansu ɗaya, haskensu ɗaya. Ranar biki in 'yan gida guda suka sha anko, a nan ne za ka lura wane ya fi dogon hanci, wance ta ɗauko goshin kakarta. Haka tankunan su Becher suke. Tunda an daidaita komai, bambancin da ya rage na tankunan ne: wannan na Faransa kamar kofi a kan sanda, wancan na Jamus an yi masa rufi mai tsini da tagogi kamar gidan mutum, na Amurka ƙwallo ne a kan ƙafafun ƙarfe ba ado ba kwalliya. Aikinsu ɗaya, riƙe ruwa a sama don ya sauko da ƙarfi, amma kowane injiniya ya bar hannunsa da ɗabi'ar ƙasarsa a jiki ba tare da ya sani ba. A 1970 suka fitar da littafi suka kira waɗannan gine-gine sassaƙe-sassaƙen da ba a san masu su ba. Bayan shekara ashirin, a babban baje kolin fasaha na birnin Venis na 1990, aka ba su kyautar Zakin Zinare, kuma a rukunin sassaƙa aka ba su, su da ba su taɓa riƙe gizago ba.

Mai karatu zai iya tambaya, wannan sanyin hali na mene ne? Me ya hana su ɗauki tanderu da dare yana aman wuta, da lebura gumi na tsiyaya a ƙirjinsa? Amsar tana cikin tarihin ƙasar. Jamusawan da suka tashi bayan 1945 sun ga abin da hoto mai motsa zuciya ya yi musu. Leni Riefenstahl, wadda ta ɗauki fim ɗin babban taron jam'iyyar Nazi na Nuremberg a 1934, gwana ce wajen kwantar da kyamara ƙasa don shugaba ya tokare sama, da amfani da haske da inuwa don taron jama'a ya zama abin sha'awa. Duk abin da su Becher suka haramta wa kansu, shi ne kayan aikinta. Sai suka tsallake zamanin Hitler gaba ɗaya suka koma ga masu hoton shekarun 1920, musamman August Sander na birnin Kolon, wanda ya ɗauri aniyar ɗaukar hoton al'ummar Jamus rukuni-rukuni: manomi, mai gashin burodi, birkila, lauya, ɗan majalisa, mabaraci, kowa tsaye yana kallon kyamara ido cikin ido, ba wanda aka ƙawata, ba wanda aka ƙasƙanta. Littafinsa na 1929 mai hotuna sittin bai yi wa 'yan Nazi daɗi ba, don fuskokin ciki ba su yi kama da tsarkakakken jinsin da suke wa'azi ba. A 1936 suka kwashe sauran kwafin, suka lalata farantan buga shi. Ɗansa Erich ya mutu a kurkukunsu a 1944. Yau taskar hotunan Sander da babban kaso na aikin su Becher suna ƙarƙashin rufi ɗaya a Kolon.

Wannan sanyi bai tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. Masana'antun Ruhr su ne suka ƙera wa Hitler makamai, kuma an yi aikin tilas da fursunoni da mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye a cikinsu. Shugaban kamfanin Krupp na Essen ma sai da kotun Nuremberg ta ɗaure shi a 1948 a kan haka. Wanda ya kalli tanderu a hoton su Becher ba zai ga ko alamar wannan ba, ba zai kuma ga leburan da huhunsa ya cika da ƙurar kwal ba. Ƙarfe ne tsaf a ƙarƙashin farin sama. Wasu na ganin wannan gudun magana ne, irin shirun da iyayen wancan zamani suka yi wa 'ya'yansu. A makarantar zane ta Dusseldorf da Bernd ya koyar daga baya akwai wanda ya bi wata hanyar: Gerhard Richter, wanda ya gudo daga Dresden ta Jamus ta Gabas a 1961, ya ɗauko hotunan gidansu ya mayar da su zanen fenti, ya shafe su suka yi dishi-dishi kamar abin da ake ƙoƙarin tunawa. A 1965 ya zana kawunsa Rudi yana murmushi cikin kakin sojan Hitler, ya kuma zana ƙanwar mahaifiyarsa Marianne, wadda gwamnatin Nazi ta kashe a shirinta na kawar da masu taɓin hankali. Ni dai ina ganin kowanne da irin shaidar da ya bayar. Ta su Becher shaida ce irin ta mai ƙidaya, kuma amfaninta ya fito fili da wuri: hotunansu na cikin abin da ya taimaka aka fasa rusa mahaƙar Zollern da ke Dortmund a ƙarshen shekarun 1960, daga nan kuma tunanin mutane ya fara juyawa har mahaƙar Zollverein ta Essen, wadda aka rufe a 1986, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2001.

(Wannan hanya ta jera abu iri ɗaya don a ga bambancinsa ba Jamusawa kaɗai suka gano ta ba. A Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hoton kitson mata a 1968, yawanci ta baya, a gaban fili fetal, har ya tara kusan dubu. Da aka nuna su a baje kolin documenta na birnin Kassel a 2007, masu sharhi sun yi ta haɗa shi da su Becher, alhali shi da kansa ya kai ga tasa dabarar.)

A 1976 Makarantar Koyon Zane ta Dusseldorf ta naɗa Bernd farfesan ɗaukar hoto. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin a idon masu zane da sassaƙa, hoto sana'ar 'yan jarida ce da masu talla da masu ɗaukar biki. Takardar naɗin sunan miji kawai ta ɗauka, ko da yake ɗaliban sun sha faɗin cewa a gidansu, wata tsohuwar masana'antar takarda a gefen gari, Hilla ke duba musu aiki kamar yadda shi ke dubawa. Makarantar kanta a lokacin tana tafasa. Shekara huɗu kafin nan aka kori Joseph Beuys, mai cewa kowane ɗan Adam mai fasaha ne, saboda ya dage sai ya karɓi ɗaliban da hukuma ta ƙi ɗauka. Richter yana koyar da zane a wani ajin. Ɗalibin hoto a irin wannan wuri, abokan gogayyarsa masu manyan alluna ne, kuma da su yake auna kansa.

Ɗaliban farko su ne suka zama abin da duniya ke kira Makarantar Dusseldorf: Candida Höfer, Thomas Struth, Axel Hütte, Thomas Ruff, sai Gursky da ya shigo a farkon shekarun 1980 bayan ya yi karatu a Essen. Sun gaji natsuwar malamansu da tsayawa gaba da gaba da bin abu guda na tsawon shekaru. Höfer ta bi ɗakunan karatu da gidajen wasan kwaikwayo ba kowa a ciki. Struth ya fara da titunan birane da sassafe, daga 1989 kuma ya koma ɗaukar masu kallon zane a manyan gidajen adana kayan fasaha irin su Louvre na Faris, wato hoton mutane suna kallon hoto. Amma sun saɓa wa malaman a abu biyu, kala da girma, kuma waɗannan biyun ne suka kawo kuɗi.

Ruff ne ya fi nuna yadda girma ke juya ma'ana. Tun 1981 yake ɗaukar abokan karatunsa kamar hoton fasfo: fuska a miƙe, ba murmushi, ba ɗaure fuska. Yana wanke su ƙanana, masu kallo na wucewa suna cewa ga wane, ga wance. A 1986 ya samu halin buga su a wani ɗakin wankin hoto na garin mai suna Grieger, kowane ya haura mita biyu a tsaye. Fuskar da ta fi ƙofar ɗaki tsayi ta daina zama ta wane. Kana ganin kowane ƙurji, kowane gashin gira, ramukan fata ɗaya bayan ɗaya, amma ba ka san komai game da mai ita ba. A ƙasar da ta sha ganin fastocin 'yan sanda ɗauke da fuskokin 'yan ta'addan Red Army Faction a tashoshin jirgi da ofisoshin gidan waya, irin wannan kallo yana da nauyi na daban. Sannan ga wata dabara da ta zo a kan gaɓa, ta manna fuskar hoton a bayan gilashin roba mai kauri, kalar ta yi zurfi tana sheƙi. Hoto ya tashi daga abin da ake buɗewa a littafi ko a ajiye a akwati, ya zama abin da zai cika bangon banki, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da zanen fenti. Dillalan New York har laƙabi suka haɗa wa mutum ukun da suka fi kasuwa, Struth da Ruff da Gursky, suna ce musu Struffsky.

Gursky ɗan gado ne, mahaifinsa mai ɗaukar hoton talla ne, kakansa ma mai hoto ne. An haife shi a Leipzig ta Jamus ta Gabas a 1955, iyayensa suka ƙaura Yamma yana jariri. Shi abin da ya sa a gaba shi ne duniyar kasuwa bayan faɗuwar katangar Berlin: kasuwar hannun jari ta Tokyo a 1990, mutane kamar tururuwa, wani dogon benen haya a unguwar Montparnasse ta Faris a 1993, ɗaruruwan tagogi kowace da labulenta, kantin kayan araha na Amurka inda kusan komai santi 99 ne, alewa da sabulu jere har ƙarshen gani, mata masu saƙar kujerun kaba a Nha Trang ta Biyetnam a 2004, rumbun kayan Amazon a 2016. Daga sama yake kallo, daga nesa, amma kowane lungu na hoton a fayyace yake, in ka matso za ka karanta farashin da ke jikin fakiti. Idon mutum ba ya gani haka, kyamara ma ba ta gani haka. Tun farkon shekarun 1990 yake haɗa hotuna da yawa a kwamfuta su zama guda. Benen Montparnasse ɗin nan daga wuri biyu ya ɗauke shi ya ɗinke, shi ya sa ba inda ya karkace. Sahu-sahun da malamansa ke yi da hotuna goma sha biyu a bango, shi ya cusa shi cikin hoto ɗaya.

To yanzu a koma kan kuɗin. Hoto, saɓanin zanen hannu, ana iya wanke shi sau dubu daga nagatif guda, kuma abin da ba ya ƙarewa ba ya tsada. Maganin da kasuwa ta samo shi ne alkawari: mai hoto ya ce kwafi kaza zan buga, ya sa musu lamba ya sa hannu, ba zai ƙara ba har abada. Rhein II guda shida ne. Huɗu daga ciki sun riga sun shiga gidajen adana kayan fasaha, har da Tate na Landan da MoMA na New York da Pinakothek der Moderne na Munich, kuma abin da ya shiga irin waɗannan gidaje da wuya ya sake fitowa kasuwa. Saura biyu ke nan ga duk attajiran duniya. Waɗannan gidajen kuma aiki biyu suke yi a lokaci guda, suna rage kayan da ke kasuwa, suna kuma buga wa sauran hatimi. MoMA ta yi wa Gursky babban baje koli na shi kaɗai a 2001. A 2007 hotonsa na kantin santi 99 mai falle biyu ya haura dala miliyan uku a gwanjon Sotheby's na Landan. Kafin a zo 2011 an riga an share hanya, abin da ake buƙata kawai masu hannu da shuni biyu da kowannensu ya ƙi janyewa.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Kuɗin nan ba aljihun Gursky suka shiga ba. Wani Bajamushe mai tara kayan fasaha ne ya sayar da nasa kwafin, kuma cikin adadin da aka sanar har da la'adar kamfanin gwanjo. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai fasaha wani ɗan kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa, amma ba ya wuce Yuro 12,500 komai tsadar cinikin, a New York kuwa babu wannan doka sam. Ribarsa ita ce sabon aikin da zai fitar gobe ya tashi a farashi.

Ko hoton ya ci kuɗinsa? Tambayar ba ta da amsa, don farashin gwanjo labarin masu saye yake bayarwa. Tambayar da ta fi ita ce ko hoton ya faɗi gaskiya, kuma a nan ina ganin Gursky yana da hujja fiye da yadda masu yi masa ba'a ke zato. Rhine ba kogin Allah-ya-yi ba ne yanzu. Tun ƙarni na 19 injiniya Johann Gottfried Tulla da waɗanda suka biyo bayansa suka miƙar da sashensa na sama, suka datse masa lanƙwasa, aka ɗaure gaɓoɓinsa da duwatsu, ya zama babbar hanyar jiragen dakon kaya daga Basel zuwa Rotterdam. Kogin da mawaƙan Jamus suka yi ta yi wa kirari da duwatsu da tsofaffin ganuwoyi, yau a wurare da yawa layi ne da aka ja da rula. Hoton ya nuna wannan ƙarara. Sai dai ya nuna shi ne ta hanyar cire tashar wutar, wadda ita ce alamar masana'antun da suka dabaibaye kogin. In aka ce in zaɓa, tankunan su Becher zan ɗauka. Da yawa daga gine-ginen da suka ɗauka an rusa su, kuma wanda ke son sanin yadda suke zai iya dogara da hoton har ya ƙirga ƙusoshi. Ba wanda zai dogara da Rhein II ya san yadda bakin kogin Dusseldorf yake a 1999.

Ba duka masu fasahar Jamus suka bi wannan layi na manyan hotuna masu sheƙi ba. Wolfgang Tillmans, ɗan garin Remscheid da ba shi da nisa da Dusseldorf, abokansa yake ɗauka da gidajen rawa da tufafin da aka yar a kan kujera, ya liƙa su a bango da salatif ko ya maƙale su da kilif, babba kusa da ƙarami, shafin mujalla kusa da hoton asali. A 2000 ya ci kyautar Turner ta Birtaniya, shi ne mai hoto na farko kuma baƙo na farko da ya ci ta. Hito Steyerl, haifaffiyar Munich, ta yi wani rubutu a 2009 tana kare abin da ta kira matalaucin hoto, wato wanda aka yi ta kwafa ana turawa a intanet har ya dushe ya farfashe. A ganinta wannan ne hoton zamaninmu na haƙiƙa, domin shi ne ke yawo a hannun mutane, ba wanda aka kulle guda shida a bayan gilashi ba. Shi kansa Ruff ya juya ta nan: ya daina fita da kyamara a ayyuka da yawa, ya riƙa kwaso ƙananan hotuna daga intanet yana hura su har murabba'an da suka haɗa su su fito ɓaro-ɓaro.

Ƙofar da Gursky ya buɗe da goge tashar wuta ba ta tsaya inda ya tsaya ba. Shi aƙalla ya je bakin kogin, haske ya shiga kyamararsa. A 2023 wani Bajamushe mai hoto, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta duniya da kamfanin Sony ke ɗaukar nauyi, da hoton baƙi da fari na mata biyu, babba ta raɓe a bayan ƙarama ta dafa kafaɗarta, kamar wanda aka tsinto a akwatin kaka daga shekarun 1940. Matan ba su taɓa rayuwa ba, manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa su bisa umarninsa. A wajen bikin ba da kyautar a Landan ya hau dandamali ya ce ba zai karɓa ba, domin abin da ya kawo ba hoto ba ne, kuma bai kamata a haɗa irinsa da hoton kyamara a gasa ɗaya ba. Masu shirya gasar suka ce sun san da hannun manhaja a aikin tun kafin su sanar da sakamako, shi kuma ya ce sun ƙi buɗe muhawarar da ya nema. Suka cire hoton daga baje kolin da shafinsu, shi kuma ya ba da shawarar a miƙa kyautar ga wani bikin hotuna da ake yi a birnin Odesa na Yukren.